Filin Tambaya da Amsa: Sayen Gona da Gida a Yankin Saminaka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Kaduna, kuma na kusa yin ritaya. Wani dillali ya nuna mini gona mai eka 10 tare da gidan ƙasa a wani ƙauye kusa da Saminaka, ya ce ta gado ce, magada na neman kuɗi da gaggawa, kuma dagaci zai sa hannu a takardar ciniki. Shin takardar dagaci ta wadatar? Me ya kamata in bincika kafin in biya? Daga mai karatu, Kawo, Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a gama aiki lafiya. Ƙasar Saminaka ta yi suna wajen noman masara, saboda haka zaɓin wuri bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a wasiƙarka shi ne haɗuwar gado da gaggawa, domin kafin a yi maganar kyan gona ko farashinta, dole ne ka san ko wanda zai karɓi kuɗinka yana da ikon sayarwa.

Gonar gado da ba a raba ba mallakar magada ce gaba ɗaya: matan marigayin, 'ya'yansa maza da mata, har da ƙananan marayu da waɗanda ke ci-rani a kudu. Babban ɗa ba shi da hurumin sayar da rabon ƙannensa don kawai shi ne babba, kuma sau da yawa mata da aka aurar zuwa wasu garuruwa ne ake mantawa da su, sai bayan shekaru su ji labari su garzaya kotu. A mazhabar Malikiyya ma, wanda ya yi tarayya a cikin gonar da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato ya biya kuɗin da ka biya ya karɓe rabon da aka sayar maka. Don haka ka nemi takardar rabon gado daga kotun Shari'a. Idan ba a raba ba, kowane magaji ya sa hannu da kansa a gaban shaidu, marayu kuma kotu ta amince da wanda zai wakilce su. Ka kuma tambayi maƙwabtan gonar, kai kaɗai ba tare da dillali ba, ko tana hannun wani a jingina, ko aro, ko haya. Dillali la'adarsa yake nema, maƙwabci kuwa shi ne za ku yi iyaka da shi shekara da shekaru.

Takardar dagaci tana da amfani, domin shi da mai unguwa ne suka san tarihin kowace gona, amma shaida ce kawai, ba ita ce takardar mallaka ba. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon bayar da izinin mallaka na gargajiya a karkara, har hekta 500 don noma. Dokar ta ce ba a sauya hannun irin wannan izini sai da amincewar ƙaramar hukuma, wato ta Lere a wannan ciniki naka. Bayan haka sai ka je hukumar KADGIS, wadda ke rajistar filaye a Jihar Kaduna, a duba maka ko gonar ta faɗa cikin gandun daji, ko burtali, ko filin da gwamnati ta riga ta ware wa wani aiki, sannan ka nemi takardar mallaka da sunanka. Ka sani cewa idan gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta gini ce da shuka da sauran aikin da aka yi a kai, ba ta ƙasar kanta ba.

Kada ka yarda da eka 10 ta fatar baki. Eka ɗaya murabba'in mita 4,047 ce, hekta kuma 10,000, wato kusan eka biyu da rabi, kuma awon ido yakan kumbura a bakin mai sayarwa. Ka kawo safiyo mai lasisi ya auna, a kafa duwatsun iyaka a gaban maƙwabta, a kuma rubuta a takarda ko ɗorawa da kaɗanya da mangwaron da ke ciki sun shiga cikin cinikin, domin a al'ada akan sayar da gona itatuwan su kasance na wani.

Ita kanta gonar, da rani duk gonaki kamanninsu ɗaya. Ka gan ta a watan Agusta ko Satumba, lokacin da za ka gane inda ruwa ke kwanciya, da inda zaizaya ke cin ƙasa, da ko wuta-wuta ta kama ta, da kuma ko mota na iya shiga ta ɗauko amfani. Gwajin ƙasa a Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, Zariya, zai gaya maka irin takin da take buƙata.

Game da gidan kuwa, shawarata ita ce ka raba cinikinsa da na gonar, kada ka kwashe iyali tukuna. Wasu yankunan karkarar jihar nan sun sha fama da 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane, kuma baƙon da aka san ya karɓi kuɗin sallama yana jan ido. Ka tambayi mutanen garin ko suna kwana a gidajensu hankali kwance, ko sun noma gonakinsu na nesa a daminar bara, ka duba nisan asibiti da makaranta da ruwan sha, tunda shekaru na tafiya. Idan magadan za su yarda, ka karɓi gonar haya na damina ɗaya, ka kama ɗaki a cikin gari, ka noma ta da kanka yayin da ake kammala takardu. Idan sun ƙi jira, ka bar ta, akwai wasu gonakin a Lere da Kubau da Soba. Ranar biya kuma ka tura kuɗin ta banki zuwa asusun magadan da kansu, lauyanka ya rubuta yarjejeniyar, dillali ya karɓi la'adarsa daban.