Yaran ajina ba su iya kwafar zane ba, wane aiki zan ba su?

Tambaya: Ni malama ce, ina koyar da 'yan shekara biyar zuwa shida. Idan na zana mutum a allo na ce su kwafa, sai su zana ƙaton kai da ƙafafu biyu, hannuwa kuma suna fitowa daga kunne. Wane aikin zane ya dace da su?

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki, yaranki lafiyarsu ƙalau. Masanin koyar da zane Viktor Lowenfeld ya bayyana tun 1947 cewa zanen yara yana tafiya mataki-mataki. Daga shekara 2 zuwa 4 karce-karce ne kawai. Daga 4 zuwa 7 yaro yake fara zana mutum, kuma abin da ya fi muhimmanci a wurinsa shi yake zanawa da girma, shi ya sa kai ke cinye rabin takarda. Sai wajen shekara 7 za ki ga ya ja layin ƙasa ya jera mutane da gida a kai, sama kuma ta zama siririn shuɗi a can bisa.

Don haka a ganina kwafa daga allo ita ce matsalar. Yaro ya kalli naki ya kalli nasa, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa bai iya ba, wasu kuma daga nan suke ajiye fensir.

Fara da haɗa launi. Ba su fenti uku kacal: ja, rawaya da shuɗi. Kada ki gaya musu abin da zai fito. Ki bar yaro ya cuɗa rawaya da shuɗi da kansa ya ga kore ya bayyana, ja da rawaya su ba shi ruwan lemo, ja da shuɗi su ba shi shunayya. Wasu za su cuɗa duka ukun su samu wani launi mai kamar laka. Ki ƙyale su, shi ma darasi ne. Fentin dai ya zama na ruwa, marar guba, domin 'yan wannan shekaru ba su daina kai hannu baki ba.

Sai yaga takarda mai launi da liƙa ta da gam a kan kwali. Yagawa tana ƙarfafa babban yatsa da manuni, waɗanda za su riƙe fensir wajen rubutu. Almakashi ya biyo baya, mai dakusasshen baki. Za su kuma iya shafa fenti a bayan ganye su danna a takarda, ko su murza yumɓu.

Takardar ta zama babba, buroshi mai kauri, aikin kuma kada ya yi tsawo, domin hankalinsu ba ya daɗewa wuri ɗaya.

Idan yaro ya kawo miki aikinsa, kada ki ce "mene ne wannan?", kada kuma ki ɗauki fensir ki gyara masa. Ki ce, "Ba ni labarin zanenka." Abin da ya faɗa ki rubuta a ƙasan takardar da kwanan wata, ki adana. Ƙarshen zango ki jera su, za ki ga lokacin da jiki ya fara fitowa tsakanin kan da ƙafafun.