Majinyatan da suka daina zuwa asibiti: a cire su daga lissafi ko a bar su?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a fannin lafiyar al'umma, ina bincike kan tsawon rayuwar masu ciwon ƙoda bayan an fara yi musu wankin ƙoda. Da na bi fayilolin asibiti, sai na tarar wasu sun rasu kuma an rubuta ranar, wasu suna nan da ransu har na rufe bincike, wasu kuma sun daina zuwa, ba wanda ya san halin da suke ciki. Abokin karatuna ya ce in cire waɗanda suka ɓace in yi lissafi da sauran. Haka ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. A'a, kada ki cire ko mutum ɗaya. Wanda ya yi wata takwas yana zuwa sannan aka daina ganinsa, ba ki san ranar rasuwarsa ba, amma kin tabbata ya wuce wata takwas a raye. Wannan ma bayani ne, sai dai ya katse a hanya. Shi ne abin da malamanki ke kira sensorin, ni kuma na fi son in ce katsewar bibiya. Wanda yake raye ranar da kika rufe bincike, shi ma bibiyarsa katsewa ta yi.

Hanyar da aka fi bi ita ce ta Edward Kaplan da Paul Meier, Amurkawa biyu da suka wallafa ta a 1958. Dabarar ba ta da wuya. Duk lokacin da aka yi rashi, sai ki duba mutum nawa ne ke gabanki a lokacin, nawa suka tsira a cikinsu, sannan ki riƙa ninka waɗannan kason da juna.

Mu ƙaddara majinyata 10 kika fara da su. A wata na 2 ɗaya ya rasu, saura 9 cikin 10, wato 0.9. A wata na 3 biyu suka daina zuwa, saura 7, kuma kason bai motsa ba domin ba ki ga rasuwar kowa ba. A wata na 5 wani ya rasu, 6 cikin 7 suka tsira. Ki ninka da 0.9, ya zama 0.77. A wata na 8 wani ya ɓace, saura 5. A wata na 10 aka sake rashi, 4 cikin 5 suka tsira, kason ya sauko 0.62. Ke nan kiyasinki shi ne kashi 62 cikin ɗari za su cika shekara. Da kin bi shawarar abokinki, 4 cikin 7 za ki samu, kashi 57, domin kin zubar da watannin da mutum uku suka yi a raye a kan idonki. Da kuma kin ɗauka duk waɗanda suka ɓace suna raye, sai ki ce kashi 70.

Batun matsakaicin tsawon rai kuwa, ki bar shi. A irin wannan bincike ana bayar da watan da kason ya sauko rabi ne. A misalinmu bai kai can ba, don haka sai ki faɗi na wata 6 da na wata 12.

A kwamfuta layi biyu ne ginshiƙin aikin: na farko tsawon lokacin da kika bi mutum, na biyu 1 idan ya rasu, 0 idan bibiyarsa ta katse. Manhajojin lissafi irin su R da Stata da SPSS duk suna zana taswirar Kaplan da Meier, wadda ke nuna yadda kason masu rai ke sauka wata bayan wata. In kina son gane tasirin shekaru ko ciwon suga tare da sauran dalilai, ki koma ga tsarin da David Cox na Ingila ya kawo a 1972. Shi kuma sharaɗinsa, bambancin haɗari tsakanin rukuni biyu ya tsaya a ma'auni ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Idan kika ga layukan rukunonin biyu a taswirar sun tsallake juna, sharaɗin bai cika ba, ki dakata.

Amma abin da ya fi damuna a bincikenki ba lissafin ba ne. Duk waɗannan hanyoyi sun dogara ne a kan zato guda: cewa wanda ya ɓace, halinsa ɗaya ne da na waɗanda suka ci gaba da zuwa. Ga ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki ya koma wani gari, zaton ya zauna. To amma me ke sa mai wankin ƙoda ya daina zuwa? Sau da yawa kuɗi ne suka ƙare. An sayar da gona, an sayar da dabbobi, 'yan uwa sun yi karo-karo har sun gaji, sai a ce a mayar da shi gida a gwada na gargajiya. Mai ƙodar da ta daina aiki kuwa, in ya bar wanki, kwanakinsa ba su cika yawa ba. Irin wannan mutum idan kika saka masa 0, kin lissafa shi tare da masu samun kulawa, kiyasinki zai fi gaskiya daɗi. Babu manhajar da za ta gano miki wannan. Haka ma wanda aka yi wa dashen ƙoda: galibi masu ƙwarin jiki ake zaɓa, don haka ki ware fitarsa daban.

Saboda haka ki koma ɗakin ajiyar fayiloli. A bangon kati yawanci akwai lambar wayar ɗan uwa. Da izinin kwamitin da ke kula da ƙa'idar bincike, ki kira, ki gaisa da ladabi, ki tuna wataƙila gidan makoki kika kira. Duk ranar rasuwa ɗaya da kika samo ta haka ta fi miki kowace dabarar lissafi. Waɗanda kika kasa samu, ki yi lissafin sau biyu: sau ɗaya da 0, sau ɗaya kuma ki ɗauka sun rasu ranar da aka daina ganinsu. A misalinmu, lissafi na biyun zai ba da kashi 40. Ki rubuta duka biyun a kundinki, tare da adadin waɗanda suka ɓace da dalilin kowanne, in kin same shi.