Amsa: Auna aikin ma'aikatan banki yana amfanar kwastoma kuwa?

Malam, ka tambaya ko wannan awon da ake wa ma'aikatan banki da lambobi yana sa su kyautata wa kwastoma. Gaskiya ya danganta da abin da ake ƙirgawa. In aka ce wa mutum ƙarin girmansa ya rataya a kan asusu nawa ya buɗe a wata, to wallahi asusu zai bi, kai da kuɗinka suka maƙale sai dai ka yi ta zaman jira don matsalarka ba ta cikin lissafinsa. Haka masu amsa waya, in mintoci ake ƙirga musu sallamarka za su yi ko ba a gama ba, gobe ka sake kira.

Duba bankin Wells Fargo na Amurka, a 2016 aka ci shi tarar dala miliyan 185 saboda ma'aikata sun buɗe asusu da katin bashi kusan miliyan 2 ba da sanin masu su ba, don kawai su cika adadin da aka yanka musu, kuma wajen mutum 5,300 aka kora. Ni dai in za a auna, a duba ko an warware wa kwastoma matsalarsa tun zuwan farko.