Tambayi Likita: Akwai Maganin Asibiti Ga Mai Shan Ƙwaya Ko Giya?

Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan shaye-shaye suka zo, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Na cire sunaye kamar yadda masu tambayar suka roƙa.

Likita, ni ɗan acaɓa ne a Kwangila. Tiramol guda ɗaya nake sha da safe don ƙarfin aiki. Guda ɗaya ma illa ce?

Illa ce, Malam. Wadda ake sayarwa a ɓoye mai lamba 225 ta ninka ta asibiti mai 50 fiye da sau huɗu, kuma tana jefa mutum cikin farfaɗiya. Ka ƙaddara ta buge ka kana kan babur da fasinja a baya. In har jikinka ba ya saki da safe sai ka sha, ta riga ta kama ka. Ka zo asibiti.

An ce ƙarin ruwa yana wanke ƙwaya daga jini, mutum ya daina sha. Haka ne?

Ba haka ba ne. Ƙarin ruwa yana taimakon wanda amai da zawo suka galabaitar, iyakarsa ke nan. Kada mai kemis ya cinye muku kuɗi a banza.

Likita, ɗana mai shekara 24 ya fara da maganin tari mai kodin, yanzu ya koma tiramol. Yakan daina da kansa, sai zawo da amai da ciwon gaɓoɓi su kayar da shi, ya koma. Wani likita ya ce akwai maganin da za a ɗora shi a kai, amma kawunsa ya ce ai wannan canjin ƙwaya da ƙwaya ne, gara a kai shi gidan mari a ɗaure wata uku har ta fita daga jininsa. Kaina ya ɗaure. Daga wata uwa a Tudun Wada.

Hajiya, Allah ya ba ki ladan wannan ɗawainiya. Tambayarki ce ta fi tsaya mini a rai, don haka zan ɗan tsawaita.

Ki sani ba gidanki kaɗai ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano mutum miliyan 4.6 a Najeriya suna shan irin su tiramol da kodin ba don jinya ba. A shekarar ce gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, yara da yawa kuma suka koma ga abin da ya fi sauƙin samu.

Kodin da tiramol da allurar penta da hiroyin duk 'yan gida ɗaya ne, wuri ɗaya suke kamawa a ƙwaƙwalwa. In aka daɗe ana sha, ƙwaƙwalwa takan sake tsarinta har ta kasa aiki daidai sai da su. Hammar nan da kike gani ba ƙaƙƙautawa, da majina da hawaye, da gumi alhali yana rawar ɗari, da juyi a kan tabarma har asuba yana riƙe da ƙafafu, duk jikin ne ke neman abin da ya saba. Ba iskanci ba ne, ba kuma aljanu ba. Yaron da ya gwada dainawa da kansa yana son fita, hanya ce bai samu ba.

A nan lissafin kawu ya karkace. Ƙwayar ba ta buƙatar wata uku kafin ta bar jini, cikin 'yan kwanaki take fita, zafin ciwon ma yakan lafa cikin mako guda ko ɗan fiye. Abin da ke saura shi ne ƙishirwarta a ƙwaƙwalwa, wadda ke ɗaukar watanni, kuma mari ba ya taɓa ta. Ga abin da ya fi ba ni tsoro: wanda aka tsare wata uku jikinsa ya manta da yawan da ya saba ɗauka. Ranar da aka sako shi ya haɗu da abokansa, ya sha adadin da yake sha a da, numfashi na iya tsayawa cikin barci. Makonnin farko bayan fitowa daga tsarewa suna daga cikin mafi haɗari a rayuwar mai shan irin waɗannan ƙwayoyi. Ban da duka da yunwa da gyambon ƙarfe a idon sawu. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a wani gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, inda aka fito da mutum fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Wallahi abin yana ɓata mini rai, a ce bayan wannan har yanzu muna biyan kuɗi a ɗaure mana 'ya'ya.

To batun canjin ƙwaya da ƙwaya fa? Gaskiya ne magungunan da ake ɗora mutum a kai, metadon da bufirinofin, dangin waɗannan ƙwayoyi ne, ba zan ɓoye miki ba. Bambancin yana cikin yadda suke aiki. Tiramol ɗin tasha kamar wutar kara ce, ta tashi bal-bal ta mutu nan da nan, mutum ya wuni yana neman kuɗin ta gaba. Metadon kuwa sau ɗaya ake sha a rana, awon da likita ya yanke, galibi a gaban ma'aikacin lafiya, ya riƙe jiki har washegari ba maye ba ciwo. Bufirinofin a ƙarƙashin harshe ake sa shi, kuma haɗarinsa na tsayar da numfashi bai kai na sauran ba. Mutum ya samu barci, ya ci abinci, ya koma shago ko makaranta, sannan nasiha ta sami wurin zama a kunnensa. Tun shekarun 1960 aka fara jinya da metadon a birnin New York na Amurka, a 2005 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan biyu cikin jerin waɗanda suka zama dole. Bincike ya nuna suna rage mace-macen masu wannan lalura da kusan rabi. Wasu kan yi watanni a kai, wasu shekaru, a rage a hankali. Gaggawar cirewa ita ke mayar da mutum ruwa.

Ba kowane asibiti ke da su ba, kuma ba kowane mai shan tiramol ne sai da su ba. Wani rage masa ake yi kaɗan-kaɗan, a ba shi maganin amai da zawo da na barci, a ci gaba da ganinsa. Likitan ƙwaƙwalwa ne zai tantance. Ki kai shi sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa da ke Shika a Zariya, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Zuwa can ba ya nufin ya haukace. Ki tafi da kawun, ya ji da kunnensa. Addu'a kuma a ci gaba da ita, a haɗa da magani, tunda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Kada ki sayi ko ɗaya daga magungunan nan a kemis ko a hannun wani. Ki kai shi asibiti, Hajiya, cikin makon nan.

Maigidana ya daɗe yana shan giya kullum. Wata ƙawata ta ce akwai ƙwayar da zan riƙa barbaɗa masa a abinci ba tare da ya sani ba. Daga Sabon Gari.

'Yar'uwa, kul! Ƙwayar da take nufi, disulfiram, in ta haɗu da giya tana sa amai da bugun zuciya da faɗuwar jini, mai ciwon zuciya ko hanta yana iya rasa ransa. Sai da saninsa da yardarsa ake ba shi. Kada kuma ku kulle shi a ɗaki ya daina lokaci guda. Mai shan giya kullum in ya yanke kwatsam, rawar hannu ke fara zuwa, sai farfaɗiya, a kwana na biyu zuwa na huɗu kuma ya ruɗe yana ganin abubuwan da babu, wannan kuwa yana kisa. A asibiti ake raba shi da ita, da maganin kwantar da jijiyoyi da bitamin B1 mai kare ƙwaƙwalwa. Bayan nan akwai naltirekson da akamfuroset masu rage sha'awar giya. Ki lallashe shi a lokacin da ba ya cikin maye, ku je ganin likita tare.

Ina da cikin wata huɗu, kuma ina shan kodin a ɓoye. In daina yau?

Kada ki yanke da kanki, ƙanwata, yana iya jawo ɓari ko haihuwa kafin lokaci. Ki faɗa wa likita a wurin awo gobe-gobe, sirrinki a rufe yake.

In muka tarar da mutum ya sha ya wuce kima, madara ko manja za mu ba shi?

Ko ɗaya! Ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa abu, huhu yake tafiya. In ba ya farkawa, numfashi ya yi ƙasa ko yana wani irin minshari, leɓe ya sauya launi, ku kwantar da shi a gefe guda, ku nemi mota zuwa asibiti mafi kusa nan take. Akwai allurar nalokson da ke dawo da numfashi cikin mintuna. Ku tafi da kwalbar ko takardar abin da ya sha, kada kuma ku ce a bar shi ya yi barci ya wartsake.