Zagin Turanci: mene ne scumbag, git da toerag?

Tambaya: Malam, ina yawan jin Turawa suna cewa scumbag, jerk ko git idan suna aibata wanda suka raina. Shin duk ma'anarsu "ɗan iska" ce, kuma zan iya faɗinsu a gaban manya?

Amsa: Ɗan'uwa, ba nauyinsu ɗaya ba, kuma ƙamus kaɗai ba zai nuna maka wadda ta fi zafi ba, sai ka san asalin kalmar da ƙasar da ake faɗinta.

Mafi muni a cikin ukun ita ce scumbag. Scum shi ne dattin da yake tasowa a saman ruwa, amma a da ana kiran kwaroron roba da scumbag, kafin kalmar ta koma kan mutumin da ba shi da mutunci ko kaɗan. Yawancin matasan Amurka ba su san wannan asali ba, sai dai dattawa suna tunawa. Shi ya sa aka yi ta ce-ce-ku-ce a 1998 lokacin da ɗan majalisar wakilai Dan Burton ya kira Shugaba Bill Clinton da ita, kuma a 2006 masu karatu suka koka da ta fito a wasan cike gurbin kalmomi na jaridar New York Times.

Jerk ta Amurka ce, kuma ba ta wuce a ce mutum marar kirki ne, mai ban haushi ba.

Git kuwa ta Ingila ce, ta samo asali ne daga get, wato abin da aka haifa, da nufin shege, ko da yake yau ta yi sanyi har ana faɗinta cikin raha. 'Yar'uwarta toerag ta fi ba ni sha'awa, domin asalinta tsumma ne da marasa galihu suke naɗe ƙafa da shi a madadin safa tun a ƙarni na 19, ka ga zagin ya fara ne da gorin talauci kafin ya koma kan hali.

Wadda Bahaushe zai fi saurin ganewa ita ce bastard, domin tana tafiya kamar "shege": tana iya jawo dambe, tana kuma iya zama yabo tsakanin abokai, musamman a Ostireliya. A 1993 makirufo ya kama Firaministan Birtaniya na lokacin, John Major, yana kiran wasu ministocinsa da ita bayan an gama hira da shi, jaridu suka yi ta yayatawa.

Game da faɗinsu a gaban manya, jerk ce kawai za ta wuce ba tare da an ɗaga kai ba, ita ma ban da a takardar aiki. A rubutu na hukuma, contemptible ko despicable, wato abin raini ko abin ƙyama, za su isar maka da saƙon.