Tambaya da Amsa: Asalin sunayen sarautun Turai

Tambaya: Malam, a littattafan tarihin Turai nakan ga basaraken da Ingilishi ke kira "duke", Faransawa na ce masa "duc", mutanen Italiya kuma "duca", amma Jamusawa sai su ce "Herzog". Shin sarauta ɗaya ce, kuma me ya kawo wannan kamanceceniya? Daga wani ɗalibin tarihi.

Amsa: Malam, sarauta ɗaya ce, kuma saiwarta tana daular Rum. A harshen Latin "dux" shi ne jagoran mayaƙa, kuma daga zamanin Sarki Diocletian, wajen ƙarshen ƙarni na 3, ya zama muƙamin kwamandan dakarun da ke gadin iyakokin daula. Da daular Rum ta yamma ta rushe a shekarar 476, sarakunan da suka gaje ta sun ci gaba da rubuta takardun mulki da Latin, saboda haka kalmar ba ta mutu ba, sai dai kowace al'umma ta lanƙwasa ta yadda ya yi daidai da bakinta. Hatta "doge", laƙabin shugaban birnin Benis na Italiya har zuwa lokacin da Napoleon ya kawar da kujerar a 1797, daga nan ya fito. Jamusawa ba su ari kalmar ba domin suna da tasu, wadda ma'anarta mai jan runduna.

Haka "comes" na Latin, wato abokin tafiyar sarki, ya haifi "comte" a Faransa da "conde" a Sifen. A nan ne Ingila ta fita daban, domin ko bayan Normaniyawa, masu magana da Faransanci daga arewacin Faransa, sun ci ƙasar da yaƙi a 1066, tsohon sunan wannan sarauta, wato "earl", ɗan'uwan "jarl" na mutanen Sikandinebiya, bai gushe ba, alhali matar mai wannan sarauta har yau da kalmar da aka aro daga Faransanci ake kiranta, wato "countess".

Abin da ya fi burge ni shi ne sunayen mutane da suka rikiɗe suka zama sarauta. Daga sunan Julius Caesar aka sami "Kaiser" na Jamus da "tsar" na Rasha, laƙabin da aka naɗa Ivan na 4 da shi a 1547. Sunan Karl, wato Charlemagne, sarkin da ya mulki babban sashe na yammacin Turai, wanda Fafaroma Leo na 3 ya ɗora wa kambi a shekarar 800, shi ne ya zama kalmar sarki a Folan, "król", da Rasha, "korol".

Sai dai ka kula, haɗa suna ba haɗa iko ba ne. A ƙasashen Jamus na da, mai riƙe da sarautar "Herzog" yakan mulki ƙasa sukutum, kuma har yanzu shugaban ƙasar Lukzambur da irin wannan laƙabi yake mulki. A Ingila kuwa sai a 1337 Sarki Edward na 3 ya fara naɗa wannan sarauta, inda ya bai wa ɗansa ta Cornwall, kuma yawancin masu riƙe da irinta a yau girma da dukiyar gado suke da su, ba mulkin jama'a ba.