Rimasta ɗumame ne, ba sabon tuƙi ba

Ƙanena, ka tambaya ko tsohon faifan rok da aka rubuta wa "Remastered" ya fi na asali daɗin sauti har ka ƙona masa data, da kuma abin da ya sa wani wasan dandamali yake fita tangaran, wani kuwa kamar daga cikin rijiya. Na yi shekaru ina ɗaukar wa mutane kaset a shago wajen Taminus a Jos kafin sidi ya kashe mana kasuwa, to ga abin da kunnena ya koya mini.

Rimasta ɗumame ne. Tuwon an tuƙa shi tun jiya, wato tef ɗin da aka riga aka haɗa murya da jita da ganga wuri guda. Injiniya zai ɗauko shi ya sake kwafa da na'urar zamani, ya rage shuuu ɗin tef, ya ɗan taɓa bes da tirebul. Iyakarsa ke nan. In kuwa aka koma kan tef mai layi-layi, inda kowane kayan kiɗa yake da layinsa, aka sake haɗawa, wannan rimis ne: sabon tuƙi da tsohon gari. Dubi Beatles. Faifansu sun hau sidi a 1987, an yi musu rimasta a 2009, amma duk da haka akwai waƙoƙin da muryar take kunnen dama, gangar tana hagu. Mai sa iyafis ɗaya rabin waƙa yake sha bai sani ba. A 2017 da furodusa Giles Martin ya sake haɗa faifansu Sgt. Pepper, an jawo muryoyin wannan faifan tsakiya.

Inda matsalar take shi ne ƙara. Tun shekarun 1990 kamfanoni suka shiga gasar wa ya fi wani tashi a rediyo. Sidi yana da rufin da sauti ba ya wucewa, don haka sai a danne wuraren da kiɗa ya yi tsiri, a ɗago wuraren da ya yi ƙasa, komai ya zama kai ɗaya. Ka tuna mai kalangu: daɗinsa yana wajen da ya sassauta, ya bar ka ka numfasa, sannan ya daka. In ya yi ta dukan fata da ƙarfi ɗaya daga farko har ƙarshe, kafin minti goma kanka ya ɗau ciwo. Abin ya kai maƙura a 2008 da Death Magnetic na Metallica, har masoyansu suka riƙa cewa sautin da ke cikin wasan bidiyo na Guitar Hero ya fi na sidin tsabta. Wannan sabon faifai ne a lokacin, amma cutar ce ta kama tsofaffi da dama da aka ɗumama.

Ni ma an taɓa cin kunnena. Wani abokina a Rayfield, mai amfilifaya da manyan sifika, ya sa mana faifai ɗaya, tsohon bugu da sabo. Sabon yana shiga na ce wallahi ba haɗi. Sai ya yi murmushi, ya rage masa murya har suka yi daidai. Nan na ji gangar tsohon tana bugun ƙirji, ta sabon kamar ana dukan katifa. Kunne yana ɗaukar abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi kyau, don haka kar ka yanke hukunci sai ka daidaita muryarsu. Spotify da YouTube ma rage masu hayaniyar suke yi da kansu. Ba duka ne aka ɓata ba fa. Na Led Zeppelin da mai jitarsu Jimmy Page ya tsaya a kai a 2014, ni dai kunnena ya yarda da su.

Wasan dandamali kuwa, tambayi daga ina aka ɗauko. Akwai wanda aka jera makirufo aka ɗauka layi-layi, kamar Made in Japan na Deep Purple, a Osaka da Tokiyo cikin Agustan 1972. Akwai wanda aka zuƙo daga teburin mai sauti: murya fes, 'yan kallo kamar ba su zo ba. Sai wanda wani ya ɓoye rakoda a cikin taro, shi ne na cikin rijiyar nan, kuma ba injiniyan da zai zuba abin da makirufo bai kama ba. Wanda ya fita tsaf fiye da kima ma abin zargi ne. Alive! na Kiss, 1975, su da kansu sun yarda an yi masa faci a sitidiyo.

Kafin ka zargi Bature, duba memorinka. In mai tura waƙa ya zuba maka fayil ɗin da aka matse, aka ciro daga bidiyo, ko wane bugu ne gwangwani za ka ji.

Namu na gida ya fi ban tausayi. Rok ɗin Legas na shekarun 1970, su Ofege da BLO, da yawansu tef ɗin asali ya ɓace, daga tsohon faifan garmaho ake kwafowa a goge ƙas-ƙas ɗin. In aka goge da yawa, kuge yakan tafi tare da dattin. Ni in zan saurari Ofege, wanda aka bar masa ƙas-ƙas ɗinsa nake nema.